Daga Kano Zuwa Damagaram A Kan Babur Mai Tari

Tsakanin Kano da Damagaram kimanin kilomita 240 ne, tafiyar da ayarin fatake kan shafe kwanaki suna yi a zamanin da raƙuma ke dakon kayan Tarabulus. A yau mai mota kan gama ta a wuni guda, idan jami'an kan iyaka ba su riƙe shi ba. Hanyar ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura, ta tsallaka a Kwangwalam, ta ratsa Matameye, sannan ta haɗu da babban titin Nijar a Takeita. Wanda ya bi ta a mota garuruwa yake gani. Wanda ya bi ta a babur, musamman da hunturu, shi ne ke sanin ƙurarta, domin shi da injinsa tare suke shaƙar ta.

Na yi wannan tafiya a tsakiyar sanyi, lokacin da hazo kan rufe duwatsun Kazaure har sai mutum ya zo gab da su. Bayan na wuce garin kaɗan inji ya soma tari. Idan ina tafiya a hankali lafiya lau, amma da zarar na murɗa totur sai ya cije, ya fizga, salansa ta yi baƙin hayaƙi. Kanikawa suna kiran wannan misin, wato wuta ta kama a wani bugun ta ƙi kamawa a wani. A mota mai silinda huɗu sauran ukun kan rufa wa ɗaya asiri. Babur ɗinmu na yau da kullum silinda ɗaya gare shi, don haka kowane bugu da ya faɗi, a ƙugun mahayi yake sauka.

Injin fetur abu uku yake nema, mai da iska da tartsatsin wuta, kowanne daidai gwargwado kuma a kan lokaci. Bakaniken da na samu a gindin wata bishiyar maina, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin ba, bai tambaye ni komai ba sai da ya kwance fulogi ya ɗaga shi sama ya duba. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Fulogi shi ne shaidar da ba ya ƙarya a cikin inji: idan ya fito ruwan ƙasa-ƙasa to komai daidai, idan ya yi fari fat mai ya yi kaɗan kuma inji na zafi, idan ya yi baƙi a bushe mai ya rinjayi iska. Ya goge shi, ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik, muka ga shuɗin tartsatsi yana tsallake ɗan gibin nan da bai kai milimita ɗaya ba.

"Malam, wutarka ƙalau take," in ji shi. "Numfashi ne babu."

Da ya buɗe gidan soson da ke tace iska, sai ga shi ya toshe da farar ƙura mai laushi kamar garin bula. Wannan ƙura ba ta gefen titi ba ce kawai. Mafi yawanta iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta zo ta maƙale a babur ɗin wani bawan Allah a hanyar Daura. Ya wanke soson da ɗan fetur, ya matse, ya shanya, ya shafa masa baƙin mai kaɗan ya mayar. Ladan da ya nema bai kai kuɗin sabon fulogi ba. Na faɗi wannan ne domin a birni an saba da wani salon gyara, inda ake ta sauya kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai abu har Allah ya sa a dace.

A Daura ban daɗe ba. Na leƙa rijiyar Kusugu, na yi salla, na kama hanyar Kwangwalam. Iyakar nan an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka sake buɗewa a 2024, amma masu babura na ƙauyukan gefe ba su taɓa daina zirga-zirga ba, tun da gonar wani tana can gidansa yana nan. Da an tsallaka, harshe bai sauya ba sai sunayen ƙarafa. Fulogi ya koma buji, fetur ya koma isansi, babur kansa ya zama moto.

Kafin Matameye wani sabon ciwo ya ɓullo. Inji zai yi tafiya mai daɗi na ɗan lokaci, sai ya fara shaƙewa, ya mutu murus. In na jira 'yan mintoci ya tashi kamar ba shi ba. Sau uku ana haka, ga rana ta yi yamma, ga hanya ba mutane sosai. A irin wannan wuri ne mutum ke tuna cewa babur a karkara ba kayan ado ba ne. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai buhun wake kasuwa, kuma idan ya tsaya a daji babu motar da za a kira ta ja shi.

Zargina ya tafi kan mai, domin duk wannan hanya a kwalabe da jarkoki ake sayar da shi. Tun da aka janye tallafi a Nijeriya a Mayun 2023 farashi ya tashi, kuma tsada takan sa marar tsoron Allah ya haɗa shi da wani abu. Ko ba a haɗa ba, jarkar da ta kwana a waje takan tara raɓa. Ba na cikin masu zagin 'yan bumburutu a dunƙule, domin inda gidan mai ya yi nisa su ne rufin asirin matafiyi. Dattijon bakaniken da na samu a Matameye ma daga nan ya fara. Ya sassauta ɗan sukurun ƙasan kafireta, ya tari man a gindin gorar roba da aka yanke, ya ɗaga ta wajen haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, da yana ciki da ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido. Babu ko ɗigo.

Sai ya ce in tayar in je in dawo har ya mutu. Da na turo shi, ya kara kunne a jikin tanki ya buɗe murfin, muka ji ya ja iska, fuu.

"Ɗana, ga ɓarawonka nan."

A murfin tanki akwai wata 'yar ƙofa kamar ta allura, wadda iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. Ƙura ta liƙe ta, don haka mai ya daina gangarowa, kamar yadda buta ke ƙin zuba idan an toshe bakinta na sama. Da an tsaya iska ta sulala ciki a hankali, sai inji ya farfaɗo. Ya zare siririyar waya ɗaya daga tsohon igiyar birki, ya soka, ya busa. Ya ƙi karɓar ko dala, sai dai ya yarda na biya shayin da muka sha.

Na shiga Damagaram bayan isha'i. Da safe na bi ta Zango zuwa Birni, inda gidaje ke zaune a tsakanin manyan duwatsu, ga fadar sarki, ga ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimu. Garin nan shi ne hedikwatar Nijar ta Faransawa har 1926, kafin a koma Yamai, kuma tun 2011 yankin yana da matatar mai a hanyar Tanut. Duk da haka a bakin kasuwar Dole kwalaben isansi suna jere a kan tebura, masu kabu-kabu suna tsayawa suna sayen lita ɗaya-ɗaya. Na lura da yawansu sun ɗaure gefen inji da tsumma, daidai inda iska ke shiga.