Kunnuwan Jita

Shekara uku ke nan tun da wani masassaƙi ya haɗa mini jitar lantarki da katakon maɗaci, amma sai a daminar bana na sakankance cewa aibinta yana ga kunnuwanta, wato 'yan maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, waɗanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, domin su mayar da girgizar ƙarfe lantarki. Masu naɗi guda muryarsu garau take, illa dai suna kwaso ƙugin wutar gida, har mutum ya zaci rina ce ta shiga amfilifaya. Hikimar da Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistarta a 1955 ita ce a jera naɗi biyu masu saɓani, ƙugin wannan ya kashe na wancan. Irin wannan kunne na ɗaura kusa da jaki, bayan dalma ta ƙona mini yatsa, na kuwa sami shirun da nake bege, ko da yake wani kaifi na sautin ya tafi, har yau ina kewarsa.

Sha'anin fedoji kuwa, wato 'yan akwatunan da ake takawa domin sauya sautin jita, nan ne zuciya ba ta san ƙana'a ba. Da ƙyar na taƙaita ga biyu: Tube Screamer, mai ƙara wa tsakiyar sauti kauri, da wata mai amsa-kuwwa, wadda na ajiye a ƙarshen layi, domin in ta gabata sai sautin ya dagule. Daren da na kammala, na tuna Mdou Moctar na Nijar, wanda da wayar birkin keke ya ɗaure jitarsa ta fari, na ɗan ji nauyi, sa'an nan na kunna.