Kwalin batura zuwa Kekun Waje

Ƙanena ne ya ɗora mini wannan kaya. Gyaran waya da caji yake yi a Kekun Waje, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Da ya ji zan zo gida daga Kano, sai ya ce in riƙo masa batura arba'in. Na saya a wani shago, aka ɗaure mini su a kwalin taliya.

A tasha yaron mota ya cusa kwalin can ƙasan but, ya danne shi da buhun gari, ga jarkar fetur a gefe. Na ce, "Samari, fito mini da shi." Ya ce, "Alhaji, ai ba ƙwai ba ne." Haka na rungume kwalin a cinya, fasinjoji suna yi mini kallon mai ɗauke da kuɗi.

Ba tsoron banza nake yi ba. Baturin litiyam in ya huje ko ya matsu, zafinsa kan yi ta ruruwa har ya kama da wuta. A Satumban 2010 jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi a Dubai, matuƙansa biyu suka rasu, bincike ya nuna wutar ta tashi ne daga inda aka jibge batura. Tun Afrilun 2016 hukumar jiragen sama ta duniya ta hana lodinsu a cikin kayan jirgin fasinja, wanda zai hau jirgin kaya kuwa kada cajinsa ya wuce kashi 30 cikin ɗari. Kafin nan ma sai samfurin ya ci gwaji takwas na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UN 38.3: a gasa shi a zafin digiri 72, a tsunduma shi a sanyi 40 ƙasa da sifili, a jijjiga shi, a matse shi, a ɗura masa caji fiye da kima. Da na tambayi mai shagon takardar gwajin, dariya ya yi, ya ce, "Orijina ne."

Duk wannan lallaɓawar a filin jirgi take ƙarewa. Daga Funtuwa zuwa Tsafe ramukan titi suka sake yi wa baturan nasu gwajin jijjigar, kyauta. Hira ta mutu a motar, don kowa ya san abin da ake tsoro a hanyar nan, sai da Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana bakuna suka buɗe. A Gusau na sake mota zuwa Bungudu, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da ni, kwalin a tsakaninmu.

Ƙanena bai san UN 38.3 ba, amma yana da nasa gwajin. Ya riƙa ɗora kowane baturi a kan gilashin teburinsa yana murza shi da yatsa. Lafiyayye yakan tsaya cak. Guda uku suka yi ta juyawa kamar katantanwa.

"Yaya, waɗannan sun yi ciki," in ji shi.

Wani yaro da ya zo karɓar caji ya ce a sayar masa da ɗaya rabin kuɗi. Ƙanena bai ko kalle shi ba. Ya jefa su cikin gwangwanin yashi, ya kai bayan shago, inda akwai inuwa.