Wa Zai Zana Mana Gwada?

A unguwar Yotsuya da ke birnin Tokyo akwai wata matakala mai jan ƙarfen dafawa, tana gangarowa daga wurin bautar Suga. Ba wani tsayi gare ta ba, ba kuma ado. Amma tun 2016 da Makoto Shinkai ya fitar da fim ɗinsa na anime, Kimi no Na wa, ya kuma rufe labarin a kanta, mutane ke yin takakkiya daga ƙasashe su zo su tsaya a wurin. Za ka ga mutum ya ɗaga waya yana matsawa gaba yana ja baya, har sai ƙarfen da rufin gidajen sun zo daidai da yadda ya gan su a fim. Haka tashar jirgin ƙasa ta Hida-Furukawa da ɗakin karatun garin suka samu baƙi saboda fim ɗin nan.

A Kamakura kuma wata mararrabar titin jirgi ce a bakin teku, wadda ta fito a anime ɗin Slam Dunk. Cunkoson masu ɗaukar hoto ya kai mazauna wurin suna kokawa da tare musu hanya. A 2016 Japanawa suka kafa ƙungiya musamman don irin wannan ziyara, tana fitar da jerin wurare 88.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wuraren nan duk na yau da gobe ne. Mai zanen ya je ya zauna, ya kalli wayar lantarki da tsatsar ƙarfe da inda rana ke sauka, ya zana su yadda suke, bai ji kunyarsu ba. Daga nan ɗan garin ya fara kallon hanyar da yake bi kullum da wani ido.

To, ku zo mu dubi garin Gwada da ke jihar Neja. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar doya ranar da take ci ya san abin da nake faɗa. Doya jibge ƙwarya-ƙwarya, matan Gwari suna shigowa da kaya a kafaɗa kamar yadda suka gada, dillali na tsakiya yana cewa "albarka" yana cewa "a ƙara", 'yan dako na loda manyan motoci ƙura na tashi. Ga tsohon layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta nan kafin garin Sarkin Pawa. Ga hanyar Kuta, ga madatsar Shiroro da ke ba ƙasa wuta tun 1990. Wallahi duk wannan ya isa a gina labari a kai.

Amma yau in ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ya ji sunan Gwada, a labaran 'yan bindiga ya ji shi, ko na 'yan gudun hijirar da suka cika azuzuwan firamare. Gaskiya ne, ya faru, kuma har yanzu da ciwo. Sai dai abin baƙin ciki ne a ce wannan kaɗai duniya ta sani game da garin da ke ciyar da mutane.

Kuma abin ba baƙo ba ne a gare mu. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, a Kwantagora ya buɗe labarin littafinsa Ruwan Bagaja, ya kira garin da sunansa. Yaran da ba su taɓa taka ƙasar Neja ba sun san sunan tun daga aji. Mu nawa ne muka taɓa zuwa da niyyar ganin garin Alhaji Imam, tauraron littafin? Masu shirya finafinanmu kuwa sun fi son falo mai kujerun alfarma, ko su ƙirƙiri gari su raɗa masa suna, su ɓoye na ainihin.

Ku matasan Minna da Gwada da Kuta masu zane a waya da kwamfuta, na san kuna nan, na ga yadda kuke kwaikwayon fuskokin Naruto. Hannun ya faɗa, saura idon. Ku je kasuwa da takarda da fensir, ku nemi izinin mutane kafin ku ɗauki hotonsu, ku zana rumfar mai shayi da tashar jirgi yadda suke. In kun gama, ku rubuta Gwada a ƙasan zanen.