Wake, Buhu da Amana



A makarantar tauhidi muna yawan tuna wa ɗalibanmu cewa Manzo Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti domin kada ya zama kaya a kan ikilisiya. Faɗar haka a aji ba wuya. Amma yawancin ɗalibanmu ƙananan majami'un ƙauyukan Rano da Kibiya za su koma, inda baikon Lahadi ba ya isa ya riƙe fasto da iyalinsa. Ke nan sana'a ta zama dole. Abin tambaya shi ne, wace iri, kuma da wace zuciya?

Wani ɗalibinmu daga yankin Kibiya ya kawo mana rahoton abin da ya yi da hutunsa. Ya lura da abin da kowa ya sani: da kaka manoma suna sayar da wake da araha saboda tsoron ƙwari, da bazara kuma su saye shi da tsada. Wasu masu ajiya suna zuba masa maganin feshi irin su Sniper, wanda guba ne ga mai ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015.

Shi sai ya nemi buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da magani ba. Jarinsa bai kai ya cika buhu ba, don haka ya roƙi zumuntar mata su haɗa nasu, kwano biyar daga nan, goma daga can, yana rubuta na kowa a littafi.

Jarabar ta zo ne a tsakiya. Wani mai saye ya yi masa tayi mai tsoka, ga kuɗin makaranta suna jiransa. Da ya sayar ya mayar wa matan farashin kaka, ba mai ganewa. Bai yi ba. Ya jira lokacin da suka yi alkawari, ya kwance buhunan a gabansu, kowace ta karɓi ribarta. Yanzu har maƙwabtansa Musulmi suna kawo masa ajiya.

A ƙarshen rahoton ya ce ya shiga ne don neman kuɗi, amma abin da ya fi samu shi ne haƙuri da riƙon lissafi. Mu kuwa Yusufu muka tuna, a Farawa sura 41. Hikimar da Allah ya ba shi ta ajiyar hatsi ce, kuma da ita aka ceci rayuka.

'Yan'uwa, ba sai kun tafi Kano ko Abuja ba. Ku dubi abin da ke lalacewa a ƙauyenku: tumatir, albasa, gyaɗa. Ku tambayi Ubangiji dabara, ku fara da ɗan abin da ke hannunku, kada kuma ku sa wa wani a tukunya abin da ba za ku ba 'ya'yanku ba.

Ya Uba, ka ba matasanmu basira da hannu mai tsabta, cikin sunan Yesu. Amin.