Daga Kakuri zuwa Panteka: Nawa ne kuɗin fentin tsohuwar Fijo?

Unguwar Kakuri da ke kudancin birnin Kaduna tana cikin wuraren da suka fi nuna yadda Arewa ta taɓa yin mafarkin zama ƙasar masana'antu. A nan masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, a nan kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, daidai lokacin da kuɗin Udoji ya cika aljihun ma'aikata. Motar da ta fi fitowa daga wannan unguwa ita ce 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, amma hanyoyin Afirka ne suka yi mata suna: ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ta zama motar gwamnati da ta alhazai da ta haya, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Yau mai wucewa ta Kakuri zai fi ganin dogayen katangu da ƙofofin masaƙu a garƙame, ciyawa ta cinye harabarsu.

Ɗaya daga cikin waɗannan motoci ce ta faɗo hannuna a gado. Mahaifinmu ya saye ta da bashin mota a farkon shekarun 1980, 'yan'uwana kuma sun bar mini ita bisa sharaɗin in tayar da ita, in ba haka ba a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Injin bai ba ni wahala ba, domin har yanzu akwai makanikan da suka san cikin Fijo kamar yunwar cikinsu. Fenti ne ya kai ni tsohuwar Panteka, daura da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

Panteka wuri ne da kunne ke riga ido isa. Tun daga bakin titi ake jin guduma a kan ƙarfe, da kukan injin gurza, da janareta iri-iri. A ciki akwai masu walda da maƙera da kafintoci da masu narka dalma su zuba tukwane, kowane lungu da sana'arsa, kowane maigida da yaransa. Na sha faɗa wa ɗalibaina cewa wannan wuri ya horar da hannaye fiye da wasu tsangayoyinmu, kuma ba ba'a nake yi ba. Daga nan aka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu har na ga masu fenti uku, kuɗin da na ƙarshensu ya faɗa kuwa ya kusa ninka na farkon sau goma.

Na farkon matashi ne mai fara'a, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya yake aiki. Ya ce kwana uku ta zama amarya. Abin da zai yi shi ne ya ɗan goge saman tsohon fentin, ya liƙe gilasai da tsofaffin jaridu, ya fesa sabo a kai. Ba yaudara ba ce, aikin da kasuwa ke nema ke nan, musamman dillalan da ke son mota ta yi ƙyalli zuwa ranar ciniki. Na biyu yana da rumfa da kwamfiresa mai kyau, ya yi alkawarin cike lotsattsun wurare kafin feshi.

Na ukun dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya ce a ƙuruciyarsa ya yi aiki a sashen fenti na masana'anta. Da ya zo ganin motar bai dubi launinta ba. Wani ɗan maganaɗisu ya ciro daga aljihu, ya riƙa bin jikinta da shi. A kan bonet ya kama. A ƙasan ƙofar baya da saman tayar hagu sai ya zame ya faɗi.

"Dakta, nan ba ƙarfe ba ne," in ji shi. "Wani ya taɓa cike ramin tsatsa da foti, ya rufe da fenti."

Na ce, "To Baba, ba za a ƙara fesawa a kai ba?"

Ya ce za a iya, amma damina biyu ta isa in ga ƙuraje sun fito a wurin.

A bakinsa na fahimci inda kuɗin yake tafiya. Feshin da ido ke gani shi ne mafi gajarta a cikin aikin, yini ɗaya ya ishe shi. Kafin a kai can sai an kwance fitilu da bamba da hannayen ƙofa da gilasai, robobin gilashi na mota mai shekara arba'in kuwa da wuya su fita ba su tsage ba, samun sababbinsu kuma wata tafiya ce. Sai a kankare tsohon fenti har a ga farin ƙarfe. Duk inda tsatsa ta ci sai an yanke an yi waldar sabon faranti, domin tsatsa ba ta mutuwa a ƙarƙashin fenti, ci gaba take yi a ɓoye. Sannan mai gyaran jiki ya daidaita lotsawa da guduma, yadda fotin da za a shafa zai zama siriri. Daga nan sai shafen farko mai kama ƙarfe, a goge da samfefa, a sake shafawa, a sake gogewa da mai laushi, har tafin hannu ya bi jikin bai ji tudu ba. Makonni ke nan na aikin mutum biyu ko uku, kuma ladarsu ce kaso mafi tsoka a lissafin.

Sauran kuɗin na kaya ne da na ɗaki. Fentin zamani hawa biyu ne, launi a ƙasa, ruwan ƙyalli a sama, ana haɗa shi da sinadarin da ke sa shi tauri, kuma akasarin masu ingancin daga waje ake shigo da su. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowane gwangwani ya bi ta. Ɗakin gashi kuwa rufaffe ne mai tace iska, ana ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 don fenti ya bushe da kyau, wanda ke nufin dizal na sa'o'i. Wanda ya san hunturun Kaduna ya san amfanin ɗakin. Ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan.

Akwai kuma wani farashi da ba ya shiga lissafin kowa. A rumfunan da na zagaya na ga yara 'yan shekara goma sha suna feshi da tsumma ɗaure a hanci, wasu ma ko shi babu. Sinadarin taurin nan yana ɗauke da guba da aka tabbatar tana haddasa asma ga masu shaƙarta, tsumma kuma ba ya tare ta. Wani ɓangare na arahar da muke murna da ita huhun waɗannan yara ne ke biya. A ganina, duk shirin da ake yi na ba masu sana'ar Panteka takardar shaidar ƙwarewa ya kamata ya fara da abin rufe fuska na gaskiya.

Kuɗin da dattijon ya yanka ya haura albashina na wata huɗu, ya kuma zarce abin da motar za ta yi a kasuwa ko bayan an gama. Yayana ya ce da wannan kuɗi gara a ƙara a sayo 'yar Kwatano, kuma ta fuskar lissafi yana da gaskiya. Sai dai 'yar Kwatano ba a Kakuri aka ɗaura mata ƙofofi ba, ba ita ce kuma ta kai mu makaranta ba.

Mun daidaita da Baba a kan yin aikin kashi uku. Wannan zangon za a yanke tsatsa a yi walda, a rufe ƙarfen da shafen farko don kada danshi ya taɓa shi. Gyaran jiki da guga sai wani albashin. Feshi kuma ya ce a bari iskar hunturu ta kwanta, a samu ɗaki kafin ruwan farko. Launin asali ya samo shi a cikin murfin but, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, wani fari mai ɗan ruwan madara da na manta motar ta taɓa yi. Ya yanki ɗan guntu daga wani faranti da za a cire, ya sa a aljihu, ya ce da shi zai je wurin mai haɗa launi.