Daga Allo Ɗaya Zuwa Siki Biyu

Mutanen da ke zamiya a kan dusar ƙanƙara jinsi biyu ne, kuma ba su cika ga-maciji da juna ba. Akwai masu siki, wato waɗanda ke ɗaura dogon falle siriri a kowace ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su fuskanci gangare kai tsaye. Akwai kuma masu allo, waɗanda ke ɗaure ƙafafu biyu a kan faffaɗan allo ɗaya, su sauko a karkace, ba sanda. Masu siki na cewa masu allo suna kankare musu hanya suna zama a tsakiyarta kamar 'yan kasuwa, masu allo kuma na cewa masu siki sun cika girman kai. Har yau akwai wuraren zamiya uku a Amurka da ba a barin mai allo ya hau: Alta da Deer Valley a jihar Yuta, da Mad River Glen a Bamont.

Mu dai 'yan allo ne. Mu biyu, miji da mata, kimiyyar kwamfuta muka karanta, rubuta manhaja kuma ya kawo mu Munik ta ƙasar Jamus. Hunturun nan yana da tsawo da duhu, wanda bai samo abin yi a cikinsa ba sai ya cinye shi. Abokan aiki suka ja mu zuwa Garmisch-Partenkirchen, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1936, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba a jirgin ƙasa. Can muka koyi allo, muka sha faɗuwa, wuyan hannu ya yi tsami, har muka iya. Hunturu bakwai ke nan.

Abin da ya sa muka fara neman siki ita ce 'yarmu. Ta cika shekara huɗu, kuma makarantun zamiya a nan da siki suke fara wa yara masu shekarunta. Iyaye masu siki na bin 'ya'yansu a hankali, su tsaya a tsaye inda suka ga dama, su ɗaga yaro idan ya faɗi, su tura da sanda idan hanya ta miƙe. Mai allo ba shi da wannan gatan. Idan ya tsaya sai dai ya zauna ko ya durƙusa. Idan hanya ta zama shimfiɗaɗɗiya sai ya kwance ƙafa ɗaya ya riƙa ɗingishi. Sannan yana da ɓangaren da ba ya gani, wato bayansa, kuma yaro ɗan shekara huɗu can ɗin yake son zuwa. Yarinyar a nan za ta tashi, ƙawayenta kan dutse suke zuwa ƙarshen mako. Ba mu so mu zama iyayen da ke jira a gindin dutse da flas ɗin shayi, ana ba su labari da yamma.

To amma wane siki? Masu allo da yawa idan za su koma siki sai su nemi mai faɗi, wai ya fi kama da abin da suka sani. Mu abin da muke so a allo ba faɗinsa ba ne, yankan ne. Bari mu yi wa mai karatu bayani. Hanya biyu ake yin kwana a kan ƙanƙara. Ko dai ka jefa wutsiya gefe ka kankare dusar, kamar mota ta ja birki a kan yashi, ko kuma ka kwantar da abin hawanka a kan kaifinsa na ƙarfe, ya lanƙwashe, ya yanka hanyarsa da kansa, wutsiya ta bi daidai inda kai ya bi. Idan ka waiwaya sai ka ga layi siriri kamar an ja da wuƙa. Da sassafe, lokacin da motar gyaran hanya ta bar dusar da ƙananan kunyoyi kamar sabuwar gona, babu daɗin da ya kai wannan. Sikin yanka shi ne wanda aka ƙera domin haka.

Wani abin da ya sanyaya mana rai shi ne sanin cewa ba gidan baƙi za mu shiga ba. Tun a wajen 1860 Sondre Norheim na yankin Telemark a Norwe ya riƙa yin siki mai ɗan matsattsen ƙugu, amma fiye da shekara ɗari sikin duniya ya zauna dogo, kusan miƙaƙƙe. Masu allo ne a shekarun 1980 suka nuna abin da ƙugu mai zurfi zai iya yi. A farkon shekarun 1990 kamfanin Kneissl na Ostiriya da Elan na Sulobeniya suka fito da siki mai faɗin kai da wutsiya, aka yi ta yi musu dariya. Da Bode Miller ya hau K2 Four a gasar matasa ta Amurka a 1996 ya ba kowa mamaki, dariya ta ƙare. Wato sikin yanka ɗan ɗakin allo ne, ko masu shi sun yarda ko ba su yarda ba.

A jikin kowane siki akwai lambobi uku, misali 122-72-106. Faɗin kai ne, da ƙugu, da wutsiya, a milimita. Kusa da su akwai wata lamba ta mita. Idan ka ci gaba da zana lanƙwasar gefen sikin har ta zama da'ira, wannan lambar ita ce nisa daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta. Hali zanen dutse, sai da muka rubuta 'yar manhaja mai layi goma don mu gane inda lambar ta fito. Ka haɗa kai da wutsiya, ka cire ƙugu sau biyu, ka raba huɗu, ka samu zurfin ƙugun: milimita 21 a misalinmu. Sai ka ɗauki tsawon da ke taɓa ƙasa, a ce mita 1.55, ka ninka shi da kansa, ka raba da zurfin nan sau takwas. Amsa ta fito mita 14 da ɗoriya.

Allunanmu na gida ba su wuce mita 8 ba. Jikinmu ya saba da kwana gajere mai zuwa da wuri. Sikin da ya fi kusa da haka shi ne na tseren kwana-kwana, mai mita 12 zuwa 13. Na tseren manyan kwanoni a matakin duniya mita 30 ne, wannan sai mai fili da ƙarfin zuciya. Amma lambar da ke jiki ba ita ce kwanar da za ka yi ba. Gwargwadon yadda ka kwantar da siki, gwargwadon yadda da'irar ke tsukewa. Siki mai mita 14 idan ya kwanta digiri 30 zai yi kwanar kusan mita 12, a digiri 45 ya yi ta 10, a digiri 60 ya yi ta 7. Sharaɗin shi ne ya lanƙwashe a ƙarƙashinka, kuma a nan taurinsa ya shigo.

Sikin tsere na da faranti biyu na wani ƙarfe da ake kira Titanal. Sunan na ruɗar mutane, gaurayen alminiyom ne da ake yi a Ostiriya. Yana hana siki kakkarwa a kan ƙanƙara mai tauri, amma yana neman gudu da nauyi kafin ya lanƙwashe. Mu kuwa rabin yininmu a bayan yarinya za mu yi shi, a kan hanya mai alamar shuɗi, wadda a Jamus da Ostiriya gangarenta ba ya wuce kashi 25 cikin ɗari. Siki mai tauri a wannan tafiyar kamar dokin sukuwa ne a kai shi rakiyar amarya. Mai laushi ƙwarai na 'yan koyo kuma ba zai kai mu hunturu biyu ba, domin mun riga mun san gudu, mun san kaifi, ba ma tsoron gangare. Wannan ce matsalar mai allo: ƙafarsa ta ɗan koyo ce, zuciyarsa ta tsohon hannu.

Akwai abubuwan da allo bai koya mana ba. A allo kaifi biyu ne, na yatsu da na diddige, kana jingina gaba ko baya. A siki kaifi huɗu ne, kana jingina hagu ko dama, kuma kowace ƙafa na da ra'ayinta. Nauyi yana kan ƙafar da ke wajen kwana, ƙwauri yana manne da harshen takalmi, ƙirji yana kallon ƙasan dutse. Siririn ƙugu na taimakawa a nan. Allo ya kai santimita 25 a ƙugu, siki mai milimita 72 kuwa da ɗan motsin idon sawu ya koma ɗaya kaifin. Mai milimita 95 ko 100 ya fi daɗi a sabuwar dusa mai zurfi, amma a kan hanya mai tauri yana jinkirin juyawa, yana kuma ɗora wa gwiwa aiki.

Gwiwar ita ce abin da muka fi jin tsoro. Mai allo wuyan hannu ya fi karyawa, mai siki kuwa jijiyar cikin gwiwa ya fi tsinkewa, domin dogon falle na iya murɗe ƙafa ɗaya ita kaɗai. Shi ya sa maɗaurin siki ke sakin takalmi idan murɗiya ta yi yawa, abin da na allo ba ya yi. Ana saita shi da wata lamba da ake kira DIN, bisa nauyin mutum da tsawonsa da shekarunsa da tsawon tafin takalminsa da irin hawansa. Dattijon da ke shagon ya tambaye mu matakinmu, muka ce a allo mun ƙware, a siki jiya muka zo. Ya ce gwiwa ba ta san allo ba, a rubuta na biyun. Shi ne kuma ya ce mu fara sayen takalmi kafin siki. Ya auna ƙafa a santimita, tsawo da faɗi, ya gargaɗe mu cewa lambar taurin takalmi, 90 ko 110, kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa. Duk wanda ya saba da takalmin allo mai laushi, ranar farko a na siki ji yake kamar an zuba masa siminti.

Daga nan sai gwaji. A wajen aiki idan manhaja ta ƙi, abu ɗaya muke canzawa a lokaci guda, don mu san wanda ya yi tasiri. Haka muka yi. Asabar huɗu muna haya, takalmi ɗaya, hanya ɗaya, lokaci ɗaya na safe, siki kawai ke canzawa. Mai mita 12 ya yi daɗi a kwana goman farko, sannan ya zama kamar yaro mai ƙiriniya, ba ya yarda a tafi miƙe. Mai mita 18 ya natsu, amma kafin ya gama kwana ɗaya an kai bakin hanya. Mai faɗin ƙugu ya yi ta sulɓi a inuwar bishiyoyi inda dusar inji ta daskare. A ƙarshe ba mu tsaya a kan abu ɗaya ba. Dogon cikinmu, mai santimita 178, ya ɗauki siki mai tsawon 167, ƙugu 72, mita 14, da farantin ƙarfe ɗaya. Ɗayar, mai santimita 164, ta ɗauki 153, mita 13, ba ƙarfe, itace zalla a ciki. Dukansu tsakanin haɓa da hanci suke tsayawa.

Sauran magana ta kuɗi ce. Siki da maɗauri da takalmi na mutum ɗaya sun kai kuɗin tikitin zuwa Kano da dawowa, kuma duk wanda ke zaune a waje ya san da wannan ma'aunin ake auna komai. Mun jira har ƙarshen hunturu, muka sayi samfurin bara, wanda fenti kawai ya bambanta shi da na bana. Duk da haka sai da muka zauna muka yi lissafi, don kada dutse ya ci zumunci. Da muka gaya wa Hajiya a waya, ta ce, "Ku da kuke kukan sanyi da hunturun Kano, yanzu kuɗi kuke biya ku shiga firji?" Da muka ce saboda jikarta ne, sai ta ce, "To Allah Ya tsare, ku dai rufe mata kunne."

Komawa ɗan koyo bayan shekara talatin na da nasa nauyin. Hanyar da muke saukowa a allo ba tare da tunani ba, yanzu sai mun tsaya a samanta mun yi shawara. Tsofaffin abokanmu na allo na wuce mu suna ɗaga hannu, wani har ya ce mun ci amana. Alluna dai na nan a ɗakin ajiya, ranar da aka kwana ana zuba sabuwar dusa su za mu ɗauka. Yarinyar kuwa ta koyi tsayawa da haɗa kawunan sikinta, abin da malamansu ke kira yankan fiza. Tana gaba, muna biye, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan ta faɗi, kafin ta yanke shawarar yin kuka an riga an ɗaga ta. Makon jiya ta waiwayo ta ce, "Abba, ku daina bina kusa-kusa, na iya." Mun ja baya da taku biyar, ba mu ƙara ko ɗaya ba.