Ya faɗi ko an kayar da shi?

A wasannin ƙananan rukunai babu kyamara, balle a sake nuna abin da ya wuce. Abin da ya auku cikin daƙiƙa guda a bakin ƴan kallo kaɗai yake wanzuwa, kuma kowane baki da aikatau ɗin da yake zaɓa.

Na lura da haka a wani wasan rukuni na biyu a Damagaram. Ɗan gaba ya tunkari gola shi kaɗai, ɗan baya ya taddo shi, sai ga mutum a ƙasa. Alƙalin wasa, wanda ƴan kallonmu ke kira arbit, ya zaro jan kati. Doka ta 12 na tare da shi, muddin da keta aka hana ɗan gaban wannan bayyananniyar dama.

Nan filin ya rabu biyu. Ɓangare guda na ihun "An kayar da shi!", giredi na 5 a tsarin Parsons, sigar da ke tilasta a nemo wanda ya aikata. Ɗayan ya ce "Faɗuwa ya yi!" Sun jawo sunan aikatau gaban jimla, mai laifi ya ɓace ɗungum. Wannan gwaninta ta burge ni, ko da yake ban gaskata su ba.

Wani dattijo kusa da ni cewa ya yi "ya kaashe shi", da dogon wasali, wato ya kayar da shi. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali; da maganarsa ta shiga rahoton wasa, da kisan kai za a karanta.

Korarren dai wasa na gaba ya wuce shi. Arbit kuwa sai tsakiyar ƴan sanda ya bar filin.